Mako Shida a Birnin Fas

Jami'o'in duniya suna da wata al'ada, in an gama jarrabawar ƙarshen shekara a kan ba ɗalibai dogon hutu na wata biyu ko uku. A ƙasashen Turai da Amurka da Arewacin Afirka hutun ya kan faɗo daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafinsu, watau daidai sa'ad da mu ke tsakiyar damina, manoma suna fama da noman farko da maimai. Waɗansu ɗalibai su kan koma gida su taya iyayensu aiki, waɗansu su nemi ƙwadago. Masu koyon harsunan waje kuwa, in Allah ya hore musu guzuri, sai su ɗaura kaya su tafi ƙasar masu harshen su zauna 'yan makonni. Sabo da su ne makarantu da yawa a Masar da Jodan da Tunisiya da Maroko su ke buɗe aji na musamman a watannin nan, ana koyar da baƙi Larabci safe da rana.

Ni ma na sami irin wannan dama a shekarar 2019, ina shekara ta uku a sashen Larabci na jami'a. Aka ce in zaɓi inda na ke so, na zaɓi Fas ta ƙasar Maroko. Abokaina suka yi mamaki, suka ce ai Masar ce gidan Larabci, mutanen Maroko kuwa ko 'yan'uwansu Larabawa ba su jin maganarsu sosai. Gaskiyarsu ta wani gefe. Amma ina da dalilina. Littafin nahawu na fari da mahaifina ya biya mini a zaure, Ajurumiya, mutumin Fas ne ya rubuta shi, Ibn Ajurrum, wanda ya rasu a can a 1323. Ibn Ashir ma, da almajirai su ke rera baitocinsa na fiƙihu, a Fas ya zauna har ya rasu a 1631. Mai Dala'ilul Hairati a nan ya yi karatu. Kai, rabin littattafan da ke cikin gafakar malaminmu na zaure daga Magrib suka fito, sai na ga ya kamata in je in ga bakin rijiyar da mu ke shan ruwanta tun kaka da kakanni.

Daga Legas jirgin sama ya sauke mu a Kasabalanka, wadda su ke kira Darul Baila, sa'an nan na shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa huɗu, sai ga Fas kwance a cikin kwari tsakanin tsaunuka. Garin kashi uku ne. Akwai tsohon birni, Fasul Bali, wanda aka kafa tun zamanin Idrisu na ɗaya a 789, ɗansa Idrisu na biyu ya faɗaɗa shi. Akwai Fas Jadid, watau Sabuwar Fas, amma kada sunan ya ruɗe ka, a 1276 aka gina ta. Na uku shi ne sabon garin da Faransawa suka gina bayan sun kama ƙasar a 1912, mai manyan tituna da itatuwa. Makarantarmu tana sabon gari, masaukina yana cikin tsohon birni, sabo da haka ko wace safiya sai in ƙetare shekara dubu kafin in kai aji.

Ranar farko aka yi mana gwaji don a san ajin da ya dace da kowa. Mu goma sha ɗaya aka tara a ajinmu: Amurkawa sun fi yawa, sai Turawan Ingila da Jamus da Italiya, da wata yarinya 'yar Japan, da ni. Karatu awa huɗu ne kullum daga Litinin zuwa Jumma'a, ban da aikin gida wanda ya kan ci mutum har tsakar dare. Tun makon fari na gane ni da Turawan nan ko wannenmu yana riƙe da rabin abu guda. In malam ya rubuta jimla a allo ya ce a yi mata li'irabi, kafin su gama duba ƙamus na ɓarje ta, na faɗi dalilin ko wane wasali. In an zo ga tsohuwar waƙa ko zancen hikima, kalmomin sun riga sun zauna mini tun daga makarantar allo. Amma da malam ya kunna mana labarun rediyo, ana zancen majalisa da kasafin kuɗi da yajin aikin ma'aikata, sai su su yi gaba, domin littattafan da suka koya da su da irin wannan lugga suka fara. Kuma ba su jin kunyar magana ko kaɗan. Baturiya za ta karya nahawu sau biyar cikin jimla guda, ta ci gaba abinta har ta isar da nufinta. Mu kuwa an rene mu a kan cewa lahani a Larabci abin kunya ne, don haka ɗalibinmu ya kan tsaya yana auna wasalin ƙarshe a zuciyarsa har maganar ta wuce shi. Mun shekara da shekaru muna jin yadda Zaidu ya bugi Amru, ba wanda ya taɓa koya mana yadda za mu tambayi Zaidu hanyar tasha.

Malaminmu, wani dattijo mai haƙuri, ya ɗaura mana ƙa'ida: ba a yin wani harshe a aji sai Larabci, ko da mutum zai yi da hannu da ƙafa ne. Ko wace Litinin kowa ya miƙe ya ba da labarin abin da ya yi Asabar da Lahadi, minti biyar, ba takarda a hannu. Ba ya katse mai magana don gyara. Sai ka gama tukuna ya rubuta kurakuran a allo ba tare da ya ambaci mai su ba, a gyara tare. Na daɗe ina tunanin wannan dabara tasa. Duk wanda ya shiga aji da girmansa, yana da iyali da mutunci a gari, ya san abin da ya fi hana babba koyo shi ne tsoron dariya.

To, wannan duka Larabcin littafi ne, wanda su ke kira Fus'ha. Shi ne na Alƙur'ani da huɗuba da jarida da takardun hukuma, kuma daga Maroko har Iraƙi ɗaya ne. Sai dai ba uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi. Da ka fita ƙofar makaranta sai ka faɗa cikin wani kogi dabam, Darija, harshen gida da kasuwa. Abin da ya fara dukan kunnena shi ne haɗiye wasula. Inda littafi ya ce kataba, watau ya rubuta, su sai su ce kteb, baƙaƙe su hau kan juna kamar an sa wa ko wanne ɗauri. In mutum zai ce ina so sai ya ce bghit, in ba ya so ya ce ma bghitsh. Yanzu daba ne, da yawa bzzaf, biyu kuwa juj. In ka ji wakha, to ke nan. Wani abin da ya ɗaure mini kai, harafin nun da littafi ya ke sa wa a farkon aiki don nuna jama'a, su mutum ɗaya su ke nufi da shi: nekteb, in rubuta ni kaɗai, in muna da yawa sai a ƙara wasali a ƙarshe. Cikin harshen kuma akwai baƙin kalmomi da suka zama 'yan gida: simana, mako, daga Sifananci, tomobil daga Faransanci, sarut, mabuɗi, daga harshen Barbar, mutanen asalin ƙasar, waɗanda su ke kiran kansu Amazig. Harshen nasu ya zama na hukuma tare da Larabci a tsarin mulkin 2011, har za ka ga an rubuta shi a jikin ofisoshi da baƙaƙen Tifinag, 'yan'uwan waɗanda Buzayen Agadas su ke rubutu da su.

Wani ɗan ajinmu da ya taɓa zama a Jodan ya koyo gaisuwar mutanen can, wadda a ke yi wa mai aiki, ana roƙa masa Allah ya ba shi al'afiya. Ya yi wa wani tsoho mai gasa burodi ita, tsohon ya ɗaga kai ya dube shi, sa'an nan ya fashe da dariya. Ashe a bakin mutanen Maroko al'afiya wuta ce. Ba su son ambaton sunan wuta na ainihi a cikin gida, don yana tuna musu ta gobe kiyama, sai suka lulluɓe ta da kyakkyawan suna. Ka ga kuwa kalmar nan ita ce lafiya tamu, wadda ba Bahaushen da zai wuni bai faɗe ta sau hamsin ba. Kalma ɗaya ta fito daga gida ɗaya, a Kano ta zama amsar gaisuwa, a Fas ta koma murhu.

Daga nan na soma kasa kunne ga wani abu. Mutanen Fas ba su cika furta al a farkon suna ba, sai su ce l kawai su manna shi da kalmar: l-imam, l-khbar, l-ktab. Sai na tuna liman da labari da littafi, da lahira da lada da linzami. Masu binciken harshe sun nuna cewa irin waɗannan kalmomi namu masu farawa da l daga bakin fataken Arewacin Afirka muka karɓe su, tare da harafin a manne, tun ƙarnukan da ayari ke ƙetare Sahara. Watau akwai ɗan Darija a bakin ko wace tsohuwa ta ƙauye ba ta sani ba. Sabo da haka ban yarda da masu cewa Darija ɓataccen Larabci ne wanda bai kamata ɗalibi ya ɓata bakinsa da shi ba. Na ji malamai a gida suna faɗin haka, na kuma ji waɗansu 'yan Maroko masu ilmi suna faɗi. Amma harshen da mutane miliyoyi su ke ciniki da shi, su yi faɗa su shirya, su yi wa mamaci ta'aziyya, yana da ƙa'idarsa ko ba a rubuta ta ba. Wanda ya ƙi shi zai iya karanta jaridar garin, sai dai ba zai san abin da ke ran mutanen garin ba.

Makaranta ta ba mu zaɓi, ko mu kama ɗaki tare da 'yan'uwanmu ɗalibai, ko a sauke mu a gidan mutanen gari. Na zaɓi na biyu, kuma a ganina nan ne riba ta ke. Waɗanda suka zauna tare da juna Turanci su ke yi daga la'asar har barci, Larabcinsu ya tsaya a awa huɗun aji. Ni kuwa na faɗa gidan wani dattijo mai sayar da yadi, da matarsa da 'ya'yansu uku, ba mai jin Turanci a cikinsu. Daga waje ba ka ganin kome sai doguwar katanga da 'yar ƙofa, in ka shiga sai ga tsakar gida a buɗe har sama, an shafe ta da ƙananan fale-falen tangaram masu launi. Ina kiran maigidan Sidil Hajj, uwargida kuwa Lalla, ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai weldi, watau ɗana. Maigidan ya yi karatun addini, yana iya juyawa zuwa Fus'ha in ya ga na ɓace. Lalla ba ruwanta da wannan. Za ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, in maimaita, in bai yi mata ba ta sake, har sai 'ya'yanta sun ce ta ƙyale baƙo ya ci abinci. Ita ce babbar malamata a Fas, ko da ya ke ba ta iya rubuta sunanta ba.

Cin abincinsu bai zama mini baƙo ba. Akushi ɗaya a ke sawa a tsakiya, kowa ya ci gabansa da hannun dama, burodi ne lomarsu, nama kuwa a bar shi sai ƙarshe uwargida ta raba. Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci kuskus ne a ko wane gida, kusan kamar dambunmu, da kabewa da karas da albasa a kai. Da safe a kwaɓa burodi a gida, yaro ya ɗauka a kan katako ya kai tanderun unguwa, mai gashi ya san na ko wane gida ba ya haɗawa. Shayi da na'ana'a kuwa ba a ƙidaya shi. Abin da ya wahalshe ni shi ne tsawon yini da zafi. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, abincin dare sai sha ɗaya, ga zafi busasshe mai haure ma'auni arba'in, ba ko ɗigon ruwan sama, domin su da sanyi damina ke zo musu.

Cikin tsohon birni mota ba ta shiga. Lunguna ne dubbai, waɗansu in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu, jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya. In ka ji an ce balak, maza ka manne da bango. Daga ƙofar Bab Bu Julud, wadda ke shuɗiya ta waje koriya ta ciki, hanya biyu ke gangarawa zuwa tsakiyar birni, ko wace sana'a da layinta: maƙeran tagulla, masu turare, marina, dukawa. Nan ne wurin gwajin abin da aka koya. Da yawa in sun gan ni sai su fara da Faransanci, suna zaton mutumin Senegal ne. In na amsa da Larabcin littafi sai mai kanti ya yi murmushi ya kira maƙwabcinsa, zo ka ji mai karanta labarun rediyo. Mafi yawa da sha'awa su ke yi, har a kawo shayi a ce in ja musu aya. Akwai kuma 'yan yaran da suka bi ni sau biyu ko uku suna jifa da wata kalma da a ke faɗa wa baƙin mutum don raini. Ba zan ɓoye wannan ba, mai niyyar tafiya ya san da shi. Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne ƙirgen kuɗi: dirhami ne a hannu, amma tsofaffi da riyal su ke faɗin farashi, riyal ashirin dirhami ɗaya, kamar yadda iyayenmu suka daɗe suna cewa fam guda alhali naira biyu su ke nufi. In mai tumatir ya ce ɗari, dirhami biyar za ka miƙa.

Ko wace Laraba da yamma malam ya kan fita da mu yawon gani da ido, yana bayani da Larabci, washegari mu rubuta abin da muka gani. Ya kai mu majemar Shuwara, inda a ke jiƙa fata a ramukan farar ƙasa da kashin tantabara, a miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Na gaya musu jar fatar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye a gaɓar teku suna kiranta fatar Maroko, malam ya ce in rubuta wannan ya zama aikina na mako. Ya kai mu makarantar Bu Inaniya, ginin wajen 1350, da ta Attarin wadda aka gama a 1325, muka hau bene muka ga 'yan ɗakunan da ɗaliban da su ke kwana, ko wanne bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Sa'an nan muka isa Ƙarawiyyin, masallacin da masu tarihi suka ce wata mace, Fatima al-Fihriyya, ta gina da dukiyar gadonta a 859, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren karatu na duniya. A Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga irin wannan masallaci, sabo da haka 'yan ajinmu suka tsaya suna leƙe daga ƙofa, aka ɗora mini in shiga in fito in ba su labari. Wannan ne karo na farko da na yi magana da Larabci kusan minti goma a tsaye ban tsaya neman wasali ba.

Bayan sallar magariba na ga abin da ya sa na ji kamar ina gida. Mutane suka zauna da'ira suna karanta izu guda da murya ɗaya, haka su ke yi safe da magariba, su sauke ko wane wata. Ruwayar Warshu ce, irin ta gardawanmu. Na karɓi Alƙur'ani na buɗe, sai ga fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a bisa, daidai yadda aka rubuta mini a allo ina ɗan shekara shida. Ba nisa da nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ta ke, wanda ya zo Fas a 1798 ya rasu a 1815, nan kuwa kullum ba ka rasa mutanen Senegal da Mali da Nijeriya masu ziyara. A bakin ƙofarta na ji Hausa bayan mako huɗu ban ji ta ba, wani alhaji ne yana ciniki da mai tasbaha, shi da Hausa, mai kanti da Darija, sun kasa gane juna. Na shiga tsakani na yi musu tafinta, aka sauko daga riyal dubu zuwa ɗari shida.

Kada wani ya zaci mako shida yana mai da ɗalibi malami. Awa ɗari da ashirin ce duka a aji, ba ta kai abin da almajiri ke yi a wata biyu gaban malaminsa ba. Wanda ya je bai san baƙi da wasali ba zai dawo da gaisuwa da sunayen abinci, kuɗin jirgi kuwa ba kaɗan ba ne. Mai cin riba shi ne wanda ya riga ya tara nahawu da lugga a cikinsa, abin da ya rage masa kunne ya buɗe, harshe ya saki. A nan ɗalibinmu yana da jari wanda bai san darajarsa ba, domin ya taso cikin Alƙur'ani, kuma ya fito daga ƙasar da Abdullahi na Gwandu ya wallafa littattafan nahawu da sarfu cikin waƙen Larabci. Shi kansa Ibn Ajurrum mutumin Barbar ne na kabilar Sanhaja, Sibawaihi kuwa, limamin masu nahawu, Bafarishe ne.

Jarrabawar ƙarshe kashi biyu ce. Da safe muka rubuta insha'i muka fassara wani yanki na jarida. Da rana aka riƙa kiranmu ɗaya ɗaya, malamai biyu suna zaune, su jefo maka tambaya a kan ko mene ne, ka yi ta magana minti goma sha biyar. Ni aka ce in kwatanta yadda a ke bikin aure a garinmu, tun daga gaisuwar iyaye har kai amarya, kuma na sha wuya wajen neman abin da zan kira lefe. Takardar shaida ta fito bayan kwana biyu, an rubuta matakin da na kai, jami'armu ta lissafa mini ita cikin darussan shekara ta huɗu. Da na kai ta gida Sidil Hajj ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi, Lalla ta ce a fassara mata da Darija.